Agogona na garas-garas wajen saita kwanan wata, in ɗiga masa mai?

Tambaya: Agogon hannuna mai sifirin ne, ba na batir ba. Kwanan nan in na ja maɓallin gefe zuwa matakin kwanan wata na murza, sai in ji garas-garas kamar yashi ya shiga, wani lokacin ma lambar ta tsaya rabi a taga. Wani mai gyara ya ce in ɗiga man keken ɗinki ta ramin maɓallin. Tsorona kada wani abu ya riga ya karye a ciki.

Amsa: Malam, dakata da murzawa tukuna, man nan kuma ka mai da shi inda ka ɗauko.

Ja maɓallin zuwa matakin ƙarshe, ka tura hannayen gaba har kwanan wata ya canza da kansa. Nan ne 12 na dare. Ci gaba zuwa 6:30 na safe, sannan ka koma matakin kwanan wata. A agogo da yawa, daga wajen 9 na dare zuwa 3 na asuba ɗan yatsan ƙarfen da ke tura faifan kwanan wata, wato faifan da lambobin ranaku ke kai, yana saƙale cikin haƙoran faifan. A injin agogon da ake kira Valjoux 7750 ana faɗin 8 na dare zuwa 2. Wanda ya murza a tsakanin nan, abu biyu ya haɗa suna kokawa kan faifai ɗaya. In garas-garas ɗin ya ɓace a 6:30, lokacin da kake murzawa ne ba daidai ba.

In bai ɓace ba, ka bi lambobin nan 31 ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Faifan haƙori 31 gare shi, kowace rana da nata. In kullum wuri ɗaya yake cijewa, a ce tsakanin 17 da 18, haƙorin wurin ne ya samu rauni, ko faifan ya ɗan lanƙwashe yana gogar bayan fuskar agogon. In ko'ina haka yake, a duba ɗan madannin da ke zaunar da faifan da kuma ƙaramar giyar da ke tura shi: giris ɗinsu ya bushe ko ya haɗu da datti. Lambar da ke tsayawa rabi a taga kuwa, yawanci madannin nan ne ya kasa jan faifan ya zauna. Sai kuma ka mai da maɓallin ciki ka murza. In nan ma da kaushi, laifin na sandar maɓalli ne, ko bututunta, ko robar hana ruwa da ta bushe, ko tsatsa.

Yanzu batun mai. Wannan shawara ta kashe agogo da yawa, kuma masu ba da ita ba sa gajiya. Sun ɗauka agogo ƙyauren ƙofa ne, in ya yi ƙara a shafa mai. Man agogo da bakin allura ake ɗora shi, ana kallo ta gilashin ƙara girma, ɗigon da ido ma da ƙyar yake gani. Kuma kowane wuri da nasa: Moebius 9010 mai ruwa-ruwa na sassan da ke gudu ne, sassan maɓalli giris mai kauri suke so, robar hana ruwa kuma giris ɗin silikon. Shi kansa faifan kwanan wata a bushe ake barinsa, in ban da ɗan shafe a bakin madanni.

Ɗigo ɗaya na man keke, a ma'aunin agogo ambaliya ce. Zai bi sanda ya shiga ƙarƙashin faifan ya manna shi da farantin injin, nauyin da kake kuka da shi ya ƙaru. Zai kwaso dattin da ke nan ya zama laka mai cin ƙarfe. Zai iya ɓata fenti a fuskar agogon. In ya kai ga siririn sifirin nan mai kama da gashi da ke daidaita tafiyar agogo, zagayensa su manne da juna, sai ka ga agogo na gudu da mintoci da yawa a rana. Masu fesa WD-40, man feshin nan na sassauta tsatsa, sun fi ɓarna, don shi yana narkar da ɗan man kirkin da ya rage. Abin haushin, kwana biyun farko maɓallin kan yi laushi, mai gyara ya sha yabo, bayan wata guda a dawo da agogon a mace. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Kuma mai bai taɓa miƙar da haƙorin da ya lanƙwashe ba.

Kai shi wurin wanda zai cire hannaye da fuskar agogon, don sassan kwanan wata a ƙarƙashinta suke. Buɗe murfin baya kaɗai ba ya nuna su. Ka ce ya nuna maka haƙoran faifan da bakin madannin. In datti ne, a kwance, a wanke, a sa giris. In haƙori ya gutsure, a canza faifan, a kuma nemo gutsuren kafin a rufe, don in ya faɗa cikin giyoyi agogon tsayawa zai yi.