Kayan ɗaki na takarda: suna ɗaukar nauyi, amma laima ce ajalinsu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a ɗaki ɗaya na haya a saman bene, kuma aikina yana yawan sa ni ƙaura. Jigilar gado da kabad na katako ta ishe ni, duk tashi sai wani abu ya karye ko ya ƙi shiga ƙofa. Na ga hotunan kujeru da gadaje da kantoci da aka ce da takarda aka yi su, ba su da nauyi, wasu ma naɗe su ake yi a ajiye. Da gaske suna ɗaukar babban mutum? Suna ƙarko? Maganar cewa ba sa cutar da muhalli kuma, gaskiya ce ko daɗin bakin masu talla? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Suna ɗaukar babban mutum, har ma ƙato. Duk wanda ya ji an ce kujerar takarda, tsoron da yake fara zuwa masa shi ne ta burme da shi, alhali wannan ne mafi ƙanƙantar matsalolinta. Abin da yake cinye irin waɗannan kaya shi ne laima, sai nauyin da ya daɗe a wuri guda, sai kuma gogar gefe ta yau da gobe.

Ki samu kwalin da aka kawo kaya a ciki, ki yanka shi da reza, ki duba bakin yankan. Za ki ga takarda uku ce: biyu a miƙe, ɗaya a tsakiya mai lanƙwasa tana hawa tana sauka, an manne su da gam ɗin sitaci. Wannan lanƙwasar ita ce sirrin, kamar dai kwanon rufi, wanda da shafaffe ne da ya lotsa, amma tudu da kwarin da aka yi masa suka sa yake tsayawa ƙyam. Yanzu ki kwantar da guntun kwalin ki danna da babban yatsa, nan take zai lotsa. Ki yanko wani mai tsawo, ki naɗe shi ya zama zobe yadda ramukan suke kallon sama, ki ɗora masa littattafai. Sai kin gaji da ɗorawa. Takardar ba ta canja ba, inda nauyin ya bi ne ya canja. Duk ƙwarewar mai ƙera kayan takarda ta tattara ne a nan: ya tabbatar nauyi yana sauka ta tsawon ramukan, ba ta kwiɓinsu ba.

Dabarar ta daɗe. A 1871 Albert Jones ya yi rajistar takarda mai lanƙwasa a Amurka don naɗe kwalabe, a 1874 kuma Oliver Long ya ƙara mata shafaffiyar takarda. Shigarta ɗaki a matsayin abin zama ta yi suna ne a hannun mai zanen gine-gine Frank Gehry, wanda a 1972 ya fitar da kujerarsa mai lanƙwasa da ake kira Wiggle. Ya jera kwalaye da yawa ya manne su, kowane ramukansa suna giciye da na kusa da shi, har abin ya yi tauri kamar gungume. Kamfanin Vitra yana yin ta har yau. Amma akwai abin lura a jikinta: gefunan biyu an rufe su da siririn allo mai tauri na garin katako. Ko shi ya san ta gefe takarda take fara lalacewa.

Abin da za ki tarar ana sayarwa yawanci iri uku ne, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Akwai na kwali mai kauri, mai hawa biyu ko uku, wanda ake yankawa da tsagu a soka wannan cikin wancan ba ƙusa ba gam. Da shi ake yin gadaje da kantoci. Gadajen 'yan wasa a gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021 irin wannan ne, kamfanin Airweave ya yi su, kuma an tsara kowane ya ɗauki kilo 200. An sake amfani da irinsu a gasar Faris ta 2024. To in gado ya ɗauki masu ɗaga ƙarfe, ke ba za ki gagare shi ba.

Na biyu shi ne mai saƙar zuma, wato takardu masu yawa da aka manne a tsallake, in an ja su sai su buɗe su zama ramuka masu kusurwa shida. Waɗannan su ne kike gani a hoto ana buɗe su su zama kujerar zagaye ko dogon benci, in an gama a tattare su su koma kamar babban littafi. Kamfanin molo na Kanada yana yin bangon raba ɗaki da wannan dabara, yana miƙewa har mita 4 da rabi, in an tattare shi kuma kaurinsa 'yan santimitoci ne. Wataƙila ma kin daɗe kina amfani da saƙar zumar takarda ba ki sani ba, domin ita ce a cikin yawancin ƙofofin ciki marasa nauyi, ita ce kuma a cikin ƙaramin teburin nan na kamfanin kayan ɗaki IKEA mai suna Lack. Na uku bututun takarda ne, irin wanda ake naɗe atamfa ko kafet a kai amma mai kauri. Shigeru Ban na Japan ya gina wa mutane gidajen wucin gadi da shi bayan girgizar ƙasar Kobe a 1995, ya gina coci da shi a Christchurch ta ƙasar Niyu Zilan a 2013, a 2014 kuma ya karɓi lambar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gine-gine.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Zaren takarda yana shan ruwan da ke cikin iska ko da ba a zuba masa komai ba, kuma da ya sha sai ya saki jiki. A ɗakunan gwaji ana auna ƙarfin kwali ne a zafin digiri 23 da laimar iska kashi 50 cikin ɗari. In laimar ta kai wajen kashi 90, kwalin yana rasa kusan rabin ƙarfinsa. Ke nan lambar nauyin da aka rubuta a jikin kayan cewa suna ɗauka ta ɗaki busasshe ce. In ɗakinki irin wanda bango yake tsatsafo ne, ko takalmi yake fumfuna a bayan ƙofa, ko kina shanya jiƙaƙƙun kaya a ciki da taga a rufe, ki raba wannan lamba biyu tun kafin ki biya kuɗi. In kuwa ruwa yana shigowa ɗakin, ki bar maganar baki ɗaya.

Kuma abin da ya fi ɓata su ba kofin da ya kife ba ne, domin wannan ana gani a goge. Goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma ne. Ƙasan kwali buɗaɗɗun ramuka ne, kullum aka yi shara da ruwa sai su tsotsi kaɗan, ruwan ya hau sama a hankali, gam ɗin sitaci ya saki. Wata rana sai ki ga ƙafar kanta ta yi duhu, ta kumbura, takardun sun rabu da juna, alhali samanta fes yake kamar sabo. Maganin abu ne mai sauƙi: kada takarda ta taɓa ƙasa kai tsaye. Ki sa mata takalmin roba ko guntayen katako su ɗaga ta ko da santimita biyu ne, ki kuma janye ta kaɗan daga bangon da ruwan sama yake duka ta waje.

Sai maganar daɗewar nauyi. Kwali yana iya ɗaukar abu mai nauyi na minti goma ko gezau, amma ya gaji da rabinsa in an bar masa wata da watanni. Masu haɗa kwalin jigilar kaya sun san wannan, shi ya sa a lissafinsu kwalin da zai yi watanni a ƙarƙashin kaya suke ba shi kusan rabin ƙarfin da ya nuna a gwajin nan take. Kujera ba ta cika shiga wannan matsala ba tunda ana zama ana tashi. Kantar littattafai ce abin ji, domin littattafan da suka cika mita ɗaya suna iya kai kilo 20 zuwa 30, kuma ba sa sauka. Ki zaɓi kanta mai ƙananan gidaje, wadda ginshiƙanta suke kusa da juna, ki sa masu nauyi a ƙasa. In doguwa ce ki ɗaure ta da bango, don rashin nauyin da ya burge ki shi ne yake sa ta saurin kifewa, musamman in akwai ƙaramin yaro mai son hawa.

Haka nan takarda tana son nauyin da ya bazu. Mutum mai kilo 90 zai zauna a kujerar saƙar zuma lafiya, amma gwiwar yaro ko tsinin takalmi su huda samanta. Saboda haka ake ɗora mata matashi ko faifan zama, kuma bai kamata a yi amfani da ita babu shi ba. Ja a ƙasa da jingina da ƙafa biyu ma suna karya ta, tunda nauyin gefe ne. A ɗaga ta, ai ba nauyi.

Wuta da ƙwari ba sa buƙatar dogon bayani. Takarda mai cike da iska tana ci da sauri, don haka nesa da kyandir, da hita, da dutsen guga, da soket mai zafi. Wasu kamfanoni suna shafa mata maganin rage kamun wuta, ki tambaya. Kyankyaso da gara suna son sitaci da duhun ramuka, kuɗin cizo kuma in ya shiga gadon kwali fitar da shi sai dai a rabu da gadon. Wannan ne dalilin da ba na ba da shawarar sayen gadon kwali na hannu.

Batun muhalli, gaskiya ce amma ba cikakkiya ba. Yawancin kwali da tsohuwar takarda ake yin sa, kuma an saba ƙiyasta cewa zarensa yana jure sake sarrafawa sau 5 zuwa 7. Gam ɗinsa na sitaci ne, saɓanin allunan garin katako masu araha da ake yawan haɗawa da gam mai sinadarin formaldehyde, wanda hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin masu haddasa cutar tun 2004. Ga shi ana jigilarsa a shimfiɗe, mota ɗaya ta ɗauki abin da da katako ne sai motoci. Amma masana'antar takarda tana cin ruwa da makamashi sosai. Takardar da ta ƙare a bola aka binne ta kuma, in ta ruɓe babu iska tana fitar da iskar mithen mai ɗumama duniya. Abin da masu talla ba sa son faɗa shi ne, hanyar da ta fi kare takarda daga ruwa, wato lulluɓe ta da leda, ita ce take sa masu sake sarrafawa su ƙi karɓarta. In an ce miki kujera ba ta jin ruwa kuma ana sake sarrafa ta gaba ɗaya, ki tambaya da me aka shafe ta. Alamar FSC a jikin kaya tana nuna an samo zaren daga dajin da ake kula da shi ko daga takardar da aka sake sarrafawa, amma ba ta ce komai a kan ƙarko ba.

A ganina, wanda yake zaune wuri ɗaya, tsohuwar kujerar katako da zai saya a hannun wani ya yi shekara talatin da ita ta fi kowace kujerar takarda sauƙi ga muhalli. Kada kujerun Gehry na shekarun 1970 da suke gidajen tarihi su ruɗe ki, can ba mai zama a kansu. Amma lissafinki daban ne. Ke kayanki ba tsufa ke kashe su ba, matakalar bene da bayan mota ne, kuma kabad ɗin garin katako da ya farfashe a ƙaura ta biyu ya fi gadon kwali zama asara.

Don haka gado, in ɗakin busasshe ne, na yarda da shi. Katifa tana baza nauyi, ramukan ƙasa suna ba ta iska, sai dai ki riƙa ɗaga ta lokaci-lokaci ta sha iska. Bangon raba ɗaki da kujerun baƙi da ake naɗewa su ne inda takarda ta fi kowa, tunda a ɗaki ɗaya wurin da abu yake ci in ba a amfani da shi shi ne tsadarsa. Kantar tufafi ma babu laifi. Kujerar da za ki wuni a kai kina aiki, da teburin cin abinci, da duk abin da zai zauna kusa da famfo ko murhu, ki bar wa katako ko ƙarfe.

Kafin ki saya, ki tambayi hawa nawa ne kwalin, ko ana samun ɓangare ɗaya in ya lalace, da kuma sau nawa za a iya kwancewa a sake haɗawa, domin tsagun suna sakwarkwacewa duk lokacin da aka zare su, kuma ke mai yawan zarewa ce. Ki adana kwalin da suka zo a ciki don ranar tashi. Ki fara da kujera ɗaya ko ƙaramar kanta, ki bar ta ta wuce lokacin da ya fi laima a shekara a inda kike, sannan ki duba ƙasanta. In bai kumbura ba, ki sayi gadon.