Shin dokokin kare haƙƙin ɗan Adam suna hawa kan kamfanoni?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yarjejeniyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun shafi kamfanoni, ko gwamnatoci kaɗai suka ɗaure. A asali gwamnatoci ne, tunda su suka rattaba hannu. A 2011 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin da Farfesa John Ruggie ya tsara: gwamnati ta kare, kamfani ya mutunta, wanda aka zalunta kuma a bi masa kadinsa. Sai dai ba tilas a cikinsu, kuma nan gizo ke saƙar.

Ka duba Rana Plaza, wani bene mai masana'antun ɗinkin tufafi a Bangaladash, a 2013. An ga bango ya tsage tun ana gobe, amma aka tilasta wa masu ɗinki komawa bakin kekunansu. Ginin ya rufta, sama da mutum 1,100 suka rasu, suna ɗinka wa manyan kamfanonin Turai da Amurka tufafi. Har yau abin yana ci mini rai.

Bayan nan ne Faransa ta yi doka a 2017, ta Jamus ta fara aiki a 2023, suna wajabta wa manyan kamfanoni bin diddigin masu yi musu kaya. A Faransa har ƙara ana iya kai su.