Amsa ga 'yar'uwar da addu'arta ta bushe cikin shiru

'Yar'uwata cikin Almasihu, kin ce watanni huɗu ke nan kina keɓe kanki da asuba ki zauna shiru a gaban Ubangiji, da farko har da hawayen farin ciki, amma yanzu ba kya jin komai sai tunani barkatai, shi ya sa kike tambaya ko Allah ya juya miki baya ne, ko kuwa ki haƙura ki bar zaman. Na fi shekara 20 ina irin wannan zama, kuma abin da kika kwatanta ya same ni sau da dama. Shawarata ita ce kada ki bari, domin rani ne ya shigo miki, kuma rani yana da nasa aikin.

Lokacin da fari na farko ya same ni, nakan zauna a kujera kafin gari ya waye, Littafi Mai Tsarki a rufe a kan cinyata, ba abin da nake ji sai ƙarar agogon bango. Maimakon salama, sai wata tsohuwar gardama da na yi da wata 'yar'uwa shekaru da suka wuce ta riƙa dawo mini, ina ta shirya amsoshin da ban ba ta ba a wancan lokaci. Na ɗauka shirun ne ya kawo wannan ɗacin. Sai daga baya na gane cewa ɗacin ya daɗe yana nan, hayaniyar yau da kullum ce ta rufe shi, kamar yadda ruwan damina yake rufe duwatsun da ke ƙasan kogi, sai ruwa ya janye a gan su. Ban sami sauƙi ba sai da na nemi matar nan muka yafe wa juna. Saboda haka tunanin da ke damunki ki duba shi da kyau: wanda yake shirme ne ki bar shi ya wuce, wanda kuwa yake ta maimaituwa ki ɗauke shi ki miƙa wa Allah, wataƙila shi ne abin da aka kira ki ki gani.

Ba mu ne farkon shiga wannan hali ba. Antoni na Masar, wani Kirista da ya keɓe kansa a hamada domin addu'a, wanda ya rasu a shekara ta 356, ya shafe kusan shekara 20 shi kaɗai a wani tsohon kango, kuma abin da aka fi tunawa game da shekarun nan shi ne kokawarsa da jaraba da miyagun tunani. Bayan haka ne ya fito ya koyar da masu neman shawararsa.

Na fi samun taimako daga labarin annabi Iliya a 1 Sarakuna 19. Bayan babbar nasara a Dutsen Karmel ya gudu daga sarauniya Yezebel wadda take neman kashe shi, ya zauna a gindin wani itace cikin jeji yana roƙon mutuwa. Ki lura da abin da Allah ya fara yi masa: bai yi masa wa'azi ba, ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi har sau biyu ya ci ya sha. Wannan ya sa nake tambayar duk mai kukan bushewar addu'a ko yana samun isasshen barci, domin sau da yawa gajiyar jiki ce muke kira nisan Allah. Sai da Iliya ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, iska mai ƙarfi ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, sannan ya ji 'yar siririyar murya. Watanni huɗu ba su yi yawa ba, 'yar'uwata.

Game da lokatai kuwa, Allah da kansa ya yi alkawari a Farawa 8:22 cewa shuka da girbi, sanyi da zafi ba za su daina ba muddin duniya tana nan, ban kuma ga dalilin da zai sa zuciyar mai bi ta zauna cikin damina kullum ba. Nakan yi tunanin itacen gawo, wanda yake kaɗe ganyensa da damina sa'ad da kowane itace yake kore, ya kuma yi ganye da rani, saboda saiwarsa tana sauka can ƙasa inda ruwa yake. Wanda ya gan shi tsirara cikin damina sai ya ce ya mutu. Kada ki auna kanki da 'yan'uwan da kike gani suna cikin murna a wannan lokaci, domin kowa da nasa zagayen.

Sai dai ki yi hankali da abu guda, keɓewa dabam take da kaɗaici. Yesu yakan fita tun da sauran duhu ya je inda ba kowa ya yi addu'a, kamar yadda Markus 1:35 ya nuna, amma yakan komo cikin jama'a. Iliya ma Allah ya tambaye shi abin da yake yi a can Horeb, aka gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma aike shi ya shafa wa Elisha mai. Idan shirun ya fara sa ki gudun sujada da zumuntar 'yan'uwa, ko baƙin ciki ya hana ki ci da barci kwana da kwanaki, to, ki sanar da fastonki, ki kuma ga likita.

In ba haka ba ne, ki rage tsawon zaman zuwa minti 15, ki riƙe aya guda, kamar Zabura 46:10 da ta ce mu yi shiru mu sani shi ne Allah, ki riƙa komawa gare ta duk lokacin da hankalinki ya tafi. Ki ajiye agogo ya sanar da ke, kada ki tashi kafin lokacin ya cika ko da ba ki ji komai ba, ki kuma sami 'yar'uwa guda da za ki riƙa gaya wa yadda zaman yake tafiya sau ɗaya a mako.