Tambaya da Amsa: Shiga Kwazazzabo Don Kallon Namun Daji

Tun da ruwa ya ɗauke, wasiƙun da ke shigowa wannan fili sun koma kan tafiyar ƙafa a duwatsu da kallon namun daji. Ga waɗanda muka zaɓa a wannan fitowa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu shida ne, abokai, muna so mu sauka kwazazzabo, ko a duwatsun Tula ko na Tonlong da ke cikin Yankari. Wane wata ya fi, kuma ƙarfe nawa za mu shiga? Daga wani matashi a Kumo.

Amsa: Wa alaikumus salam, samari. A Nuwamba ciyawa na nan tsaye, ta fi mutum tsawo, ba abin da za ku gani sai ƙeyar juna. Disamba da Janairu akwai sanyin tafiya, amma hazo kan rufe nesa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ne dabbobin Yankari ke taruwa a bakin kogin Gaji, domin shi ba ya ƙafewa idan tafkunan daji sun bushe, sai dai a Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40. A ganinmu, mai son ya haɗa tafiya da kallo ya nufi ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu.

Yankari gandu ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, da giwa da ɓauna da zaki a ciki, don haka ba a sakin baƙo ya shiga a ƙafa shi kaɗai. A sansanin Wikki za ku nemi izini a haɗa ku da ma'aikacin gandu, kuma in ya ce yau ba a zuwa Tonlong, magana ta ƙare. A Tula kuwa ku fara gaida dagaci ko mai unguwa, ya ba ku ɗan gari. Shi ya san hanya, ya san wuraren da mutanen gari ba sa so a taka, ya kuma san halin tsaro na wannan makon, abin da ba za ku samu a waya ba.

Batun lokaci ne ke kayar da yawancin mutane. Mai hawa dutse da safe yake shan wuyarsa, da sauran ƙarfinsa, ya gangaro da yamma. Mai shiga kwazazzabo kuwa yana gangarawa da sanyin safiya ana raha, hawan kuma sai rana ta take, gwiwa ta mutu, ruwa ya ƙare. Can ƙasa iska ba ta kaɗawa, dutse na riƙe zafi yana mayar wa mutum. Saboda haka ku kasa lokacinku uku: kashi ɗaya na sauka, biyu na fitowa. Ruwan sha ma haka za ku kasa shi.

Ga lissafin da ake yi: kilomita 5 a awa ɗaya a fili, a ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa. Wannan na wanda ya saba ne. Ku ƙara rabin abin da ya fito. Idan hanyar kilomita 4 ce, zurfin kuma mita 300, fitowa za ta ci muku awa biyu, da hutu biyu da rabi. Ku shiga ƙarfe 6:30 bayan Asuba, ku bar ƙasa ƙarfe 9, ku kai baki kafin 12. Tun a sama za ku yanke lokacin juyowa, kuma idan ya yi, a juyo, ko an ga abin da aka je nema ko ba a gani ba.

Tambaya: Da damina muka so shiga wani kwazazzabo kusa da dutsen Bima, sama garau ba ko gajimare, amma mai yi mana jagora ya ƙi. Ba tsoro ne kawai ba? Daga wani mai karatu a Deba.

Amsa: Malam, ka koma ka gode masa. Ruwan da ke kashe mutum a kwazazzabo ba a kansa yake sauka ba. Ka dubi rufin soro: duk faɗinsa, ruwan da ya zuba a kai ta indararo ɗaya yake fita. Tuddan da ke kewaye su ne rufin, kai kuma kana tsaye cikin indararon. Hadari na iya zubarwa a nisan kilomita 15 ko 20, inda ba ka gani, kuma da yake dutse ba ya shan ruwa, duk ya gangaro lokaci guda, da itace da duwatsu a gaba. A watan Agusta na 1997 mutum 11 suka mutu haka a kwazazzabon Antelope na Amurka, alhali ruwan can nesa ya sauka. A Satumban 2019 mutum 7 suka tafi a na Hell's Gate da ke Kenya.

Alamun ba su da yawa: ruwan ƙorama ya juya ja ko ya yi kauri, ganye da ƙirare su fara wucewa, ko a ji ƙugi daga sama kamar na babbar mota. In ka ga ɗaya, yar da jaka, ka hau gefe. Kada ka bi hanyar ruwa da gudu, ya fi ka sauri. Ka dubi inda tsohuwar ambaliya ta maƙale ciyawa a rassan itace, ka wuce nan. Ba a kafa tanti a kan yashin rafi, komai laushinsa.

Ku na wajen Dadin Kowa kuna da ƙarin abin lura. A ƙasan madatsar ruwan da ke can, kogin Gongola na iya ƙaruwa ba tare da an yi ruwa ba, idan aka saki ruwa. Ku tambayi masunta. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa ba a tsallaka shi a ƙafa. Wanda bai kai ba, a kwance maɗaurin jaka na ƙugu, a fuskanci inda ruwan ke fitowa, a dogara sanda, a ja ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce, zan raka 'yan mata goma. Me za mu ɗauka, kuma wane irin kaya za su sa? Daga wata malama a Bauchi.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Ruwa ne kaya na farko. A zafinmu mai hawa na buƙatar rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa, wato tafiyar awa biyar lita 4 ce ga kowace yarinya, kilo 4 ke nan. A zuba a gora. Ledar fiya wata na fashewa a jaka, kuma ledar ce ke ƙarewa a cikin dabba. Zallan ruwa ba gishiri ma yana da illa ga mai zufa: ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar jijiya. Ku riƙe ƙunshin ruwan gishiri da sukari na kemis. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Ruwan kwazazzabo ba a sha sai an tafasa, kuma a hana su wanka a kwantaccen ruwa saboda tsargiya.

Guzuri: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, lemo. Kilishi na da daɗi, amma yaji da gishirinsa na ja wa ruwanku ƙarewa, a bar shi sai an fito. Jakar kowacce kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta.

Takalmi rufaffe mai zanen tafi, wanda aka riga aka saba da shi. Sabon takalmi na tayar da bororo tun a gangara, silifa kuwa ko a zance. A yanke farcen ƙafa, domin gangara na tura yatsu gaba. Wando mai kauri a ƙarƙashin riga, hijabi iya gwiwa ko ƙugu. Mai jan ƙasa na rufe wa yarinya inda za ta taka, ƙaya kuma na kama shi. A guji baƙi da shuɗi, su ke jan ƙudan tsando, a sa ruwan ƙasa ko ruwan toka. Turare a bar shi a gida.

Ki riƙa duba su. Wadda ke zufa tana jin jiri, a kai ta inuwa, a ba ta ruwan gishiri, a huta rabin awa. Wadda jikinta ya yi zafi rau, magana ta rikice ko tana tangaɗi, wannan bugun rana ne: a jiƙa ta sharkaf, a yi ta fifita, a nufi asibiti ba jira. Yara goma na buƙatar manya uku, ɗaya gaba, ɗaya tsaka, ɗaya baya. Kuma kada a sa irin wannan tafiya cikin azumi. A Wikki ki gargaɗe su kan gwaggon biri: ya san leda, ya san zip ɗin jaka, kuma wanda ya ba shi abinci sau ɗaya ya saya wa na bayansa fitina.

Tambaya: Mun sha tafiya wuni guda, ko gada ba mu gani ba. Dabbobin sun ƙare ne? Daga wani ɗalibi a Gombe.

Amsa: Sun ragu, gaskiya ne, amma mafi yawa su suka gan ku. Kallon dabba zama ne, ba tafiya ba. Ku sami baki mai kallon ruwa, rana a bayanku, ku zauna ƙasa da ƙololuwa don kada surarku ta fito a sararin sama, ku yi shiru minti 40 aƙalla.

Ku san halin iskar wurin. Da sassafe iska mai sanyi gangarawa take yi. Idan rana ta gasa dutse sai ta juya tana hawa. Da yamma ta sake gangarawa. Ma'ana, da asuba wanda ke sama warinsa na sauka ga dabbar da ke ƙasa. Ku ɗebi toka ko garin ƙasa ku saki, ku ga inda ya nufa, ku zauna inda iska ke buso muku a fuska.

Kowace dabba da sa'arta. Rema na fitowa shan hantsi a kan fa, kuma farin zane da ke bin dutse, fitsarinsu ne da ya bushe, alamar gidansu ke nan. Gwaggon biri a jikin dutse yake kwana, yana sauka da hantsi. Mazo da gwambaza ba sa nisa da ruwa da duhuwa, gadu da gwanki da kanki sun fi son fili. Mikiya da shaho da ungulu ba sa tashi sai wajen ƙarfe 9 ko 10, lokacin da iska mai ɗumi ta fara hawa ta ɗauke su, kuma daga bakin kwazazzabo ne kaɗai za ka ga bayan mikiya tana shawagi a ƙasanka. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya isa. Mai ƙarfi fiye da haka rawa yake yi a hannun da ya gaji.

A wuri mai ƙunci dabba ba ta da hanyar gudu sai ta kanka. Kada ka shiga tsakanin dorina da ruwa, ko giwa da ɗanta. Ɓauna guda, tsohon namiji da ya bar garke, ya fi garken haɗari. Kashin giwa mai ɗumi ko reshe da aka karya yana ɗigar ruwa na nufin a tsaya a saurari ma'aikacin gandu. A ƙafa, mita 100 ita ce kusa.

Tambaya: Idan maciji ya sari mutum can ƙasa, ba mota ba sabis, yaya za a yi? Daga wani dattijo a Billiri.

Amsa: Baba, Allah ya tsare. Yankinku gidan kububuwa ne, shi ya sa asibitin saran maciji yake Kaltungo. Kububuwa na ɓuya ƙarƙashin dutse, don haka ba a sa hannu a inda ido bai gani ba, ba a tsallake dutse sai an taka samansa an duba, da dare kuma sai da tocila. Dafinta na hana jini daskarewa, kuma mutum na iya ganin kamar ya tsira, sai bayan awoyi jini ya fara fita ta dasashi ko fitsari. Jin sauƙi ba dalilin zama ba ne.

A cire zobe da agogo kafin kumburi. A ɗaure gaɓar da kara kamar ta mai karaya, ba matsewa, don kada ta motsa. Ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure jijiya da igiya. Ɗaurin nan ya jawo wa mutane da yawa yanke ƙafa. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya isa. Kada a tsaya neman macijin, a asibiti ana ɗibar jini a kwalba a jira minti 20 a ga ko ya daskare. A ɗauke shi a kan sanduna biyu da bargo ko zane mai ƙarfi. Wannan ne ya sa ba a shiga kwazazzabo sai an kai mutum huɗu, kuma ake barin mai babur ko mota a baki, ya san sa'ar da za ku fito.

Tambaya: Bayan na gida, ina ne na gaba? Daga wani ma'aikaci a Azare.

Amsa: Gandun Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa, mafi girma a Najeriya, hedikwatarsa a Serti. Can ne Chappal Waddi yake, mita 2,419, dutse mafi tsawo a ƙasar nan, da kwaruruwa masu kurmi da birai iri-iri. Tafiyar kwanaki ce da 'yan dako, da rani kawai. A waje akwai duwatsun Simien na Habasha, inda ake yankar izini a Debark a haɗa ka da ɗan rakiya mai bindiga, ka ga birin gelada mai cin ciyawa a bakin ramuka masu zurfin ɗaruruwan mita. Sansanonin kwana sun haura mita 3,000, ruwa kan daskare da dare, kuma iska ba ta da kauri. Daga wannan tsawo kada wurin kwananka ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya. Ciwon kai da amai in sun tsananta, sauka ne maganinsu. Yankin Amhara na fama da rikici tun 2023, don haka a bincika halin da ake ciki kafin a sayi tikiti.