Amsa kan tsara aji zuwa Bakasana

Assalamu alaikum jama'a. Wannan amsa ce ga 'yar'uwarmu da ta ce tana da ajin yoga na awa ɗaya, tana so ta kai ɗalibanta ga Bakasana, wato a dafa ƙasa da tafin hannu, a ɗora gwiwoyi kan damtse, ƙafafu su bar ƙasa, amma kafin a kai wurin sai ta tarar kowa ya galabaita. To Malama, ga yadda abin yake.

Daga inda ake son kaiwa ake fara tsarin. Ki dubi Bakasana ɗin ki ga me yake nema a jiki. Wuyan hannu zai lanƙwashe kusan digiri 90 ɗauke da nauyin mutum gaba ɗaya. Ƙugu zai naɗe sosai, baya ya yi doro, allunan kafaɗa su ware, tsokar ciki da ta cikin cinyoyi su riƙe gam. Duk motsin da ba ya shirya ɗaya daga cikin waɗannan, ki ajiye shi sai wani ajin.

Minti 5 na farko numfashi ne a zaune. Daga nan minti 10 a kan hannu da gwiwa. Nan za ki ɗumama wuyan hannu: a ware yatsu, a riƙa kai nauyi gaba da baya a hankali kamar sau 8, sannan a juya yatsu su kalli gwiwa a yi numfashi 5. A wannan matsayin ki koya musu tura ƙasa da hannu har baya ya taso tsakanin kafaɗu. Wanda bai gane wannan turawar a nan ba, ba zai gane ta a sama ba.

Sai Surya Namaskar, wato jerin motsin da ake yi a zagaye don ɗumama jiki, kuma a nan ake yawan ɓata aji. Zagaye 3 ko 4 ya isa. Idan kika sa su Chaturanga, wato saukar da jiki a miƙe kusa da ƙasa da ƙarfin hannu, sau goma sha wani abu, kin cinye ƙarfin hannun da za su buƙata nan gaba, shi ya sa kike ganin hannu na rawa tun ba a ɗaga ƙafa ba. Jikin ya yi ɗumi kawai, kada ya gaji. Su riƙa sauke gwiwa ƙasa ma, babu laifi.

Tsakanin minti 25 da 40 ne ainihin shirin. A yi Malasana, wato tsuguno, numfashi 8, gwiwar hannu na tura cinya, cinya na matse hannu. Wanda diddigensa ba ya taɓa ƙasa, a naɗe bargo a sa masa. Sai Navasana, wato a zauna a ɗaga ƙafafu jiki ya yi siffar V, sau 2, numfashi 5 kowanne, kada ki wuce haka. Bayan nan abin da na fi ba muhimmanci: su kwanta rigingine su yi siffar Bakasana a kwance, gwiwoyi a damtse, tafin hannu na tura sama, kai da kafaɗa a ɗage. Jiki zai haddace siffar ba tare da tsoron faɗuwa ba.

Wajen minti 40 ki kawo Bakasana kansa. Tazarar hannu daidai faɗin kafaɗa, matashi a gaban fuska, bulon yoga a ƙarƙashin ƙafa don ƙugu ya yi sama. Gwiwa ta hau can kusa da hammata, gwiwar hannu ta lanƙwasa baya, kada ta buɗe gefe, in ta buɗe gwiwa za ta zame. Kada kowa ya yi tsalle. Abin kamar sikeli ne, ana kai ƙirji gaba a hankali har ƙafa ta yi sauƙi da kanta, a ɗaga ɗaya, sannan ɗayar. Ido ya kalli gaba kaɗan da yatsu, domin mai kallon tsakanin hannunsa kansa ne zai ja shi ya kifa. Idan nauyi ya yi gaba da yawa, a danna kan yatsu, su ne birki. Gwaji 3, da hutu a tsakani ana kaɗa hannu. Wanda ya ɗaga ƙafa ɗaya kawai, ki gaya masa ya yi aikin yau.

Minti 15 da suka rage kada ki sace su. A miƙar da wuyan hannu ta ɗaya ɓangaren, bayan hannu a ƙasa, a hankali. A kwanta a ɗaga ƙugu don gaban jiki ya buɗe bayan duk naɗewar nan, a murɗa ƙugu dama da hagu, sai Savasana, wato kwanciya rigingine a saki jiki, aƙalla minti 5.

Af, tun farkon aji ki tambaya ko akwai mai ciwon wuyan hannu ko mai juna biyu. Mai ciwon hannu ya tsaya a na kwance, mai ciki kuwa ki cire mata Navasana da Bakasana duka, ta zauna a Malasana kan bulo.