DIR na aiki, FORMAT ya ƙi: mine ne dalili?

Tambaya daga wani ɗalibi a Tawa: Malam ina wuni. Na tada wata tsohuwar kwamfuta da disket na MS-DOS, in na buga DIR ko COPY sai ta yi, amma in na buga FORMAT sai ta ce ba ta san wannan umarni ba. Ko ta lalace ne?

Amsa: Lafiya lau ƙanena, kwamfutarka ba abin da ya same ta, kuma wallahi na ji daɗin tambayar nan don nan ne ake fara gane yadda na'ura ke aiki.

A DOS, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, umarni kashi biyu ne, na ciki da na waje. Lokacin da kwamfuta ta tashi tana ɗauko wani fishiye mai suna COMMAND.COM ta aje shi cikin memwar, to shi wannan ya zo da umarninshi a jikinshi, su DIR, COPY, DEL, REN, TYPE, CLS, CD. Shi ya sa ko ka zare disket ɗin CLS zai share maka allo. Su ko FORMAT, CHKDSK, DISKCOPY, XCOPY, FDISK kowanne porogaram ne mai zaman kanshi a kan disket, sai an je an ɗauko shi. Duba mai gyaran babur na bakin kasuwa, akwai ƙarafan da ke aljihunshi kullum, akwai manyan da ke cikin akwati sai ya aiki yaro. In akwatin na gida ba yadda za a yi.

In ka buga kalma, COMMAND.COM na fara dubawa ko tashi ce, in ba tashi ba ce sai ya nema a dosiyen da kake ciki, fishiye mai wannan suna da ke ƙarewa da COM tukun, sannan EXE, sannan BAT, in bai samu ba ya bi dosiyoyin da aka rubuta a PATH (jerin wuraren da aka ce mashi ya riƙa dubawa) ɗaya bayan ɗaya, duk ya rasa sai ya ba ka wancan saƙon.

Mi ya sa ba a zuba su duka ciki ba? Ƙarancin wuri. A 1981 da IBM PC ta fito, wasu 16 KB kawai gare su na memwar, disket kuma 160 KB, daga baya ma iyakar DOS 640 KB ce. Abin da ake buƙata kowane lokaci aka bari ciki, wanda sai jefi-jefi aka tura waje. Tun a CP/M na Gary Kildall, wanda ya riga DOS fitowa, haka tsarin yake, can ma har kwafi sai da porogaram na waje mai suna PIP. Ni a ganina dabara ce mai kyau ƙwarai, don kowa na iya rubuta nashi porogaram ya zama kamar sabon umarni.

Yanzu ka buga DIR FORMAT.* ka gani. In babu shi a disket ɗin sai ka kwafo FORMAT.COM, amma na DOS iri ɗaya da naka, don na 5.0 kan ƙi tashi a kan 6.22. In kuma yana cikin C:\DOS ka buga PATH C:\DOS ka sake gwadawa. Ka dai kula da harafin da za ka sa bayan FORMAT, don yana goge duk abin da ke ciki: A: ne disket, C: kuma babban diskin cikin kwamfuta ne mai duk kayanka.