SpamAssassin yana tsayawa cak a kan saba

Malam, ka ce SpamAssassin, manhajar tace wasiƙun banza, yana tsayawa cak, wasiƙu suna taruwa a layi har sai ka sake kunna sabar. Ni DNS, tsarin da ke nemo adireshin sunaye a intanet, zan fara zargi. Kowace wasiƙa ta shigo, sai SpamAssassin ya bi ta DNS ya tambayi jerin adireshin 'yan damfara irin na Spamhaus. In amsa ta yi jinkiri, duk ma'aikatan spamd (ɓangaren SpamAssassin da ke duba wasiƙu) guda 5 sai su maƙale suna jira. Ka girka Unbound (manhajar DNS ta kanka) a kan injin, ka rabu da 8.8.8.8 (DNS ɗin Google), don Spamhaus ba ya ba shi amsar kirki.

In ba nan ba ne, leƙa rumbun Bayes (inda SpamAssassin yake adana kalmomin da ya koya daga wasiƙu), shararsa tana kulle fayil. Sa bayes_auto_expire 0 don ya daina sharar da kansa, cron (mai tayar da ayyuka a kan lokaci) ya riƙa gudanar da sa-learn --force-expire da tsakar dare. Amma tukuna gwada spamassassin -D (mai nuna kowane mataki) da wasiƙa ɗaya, ka ga inda yake cijewa.